Kwanon Malam Uzairu da Duniyoyi Takwas

A Anguwan Rogo, idan ka tambayi gidan Malam Uzairu za a ɗan tsaya tunani, don Uzairu ba ɗaya ba ne a unguwar. Amma ka ce Baba Kuza, ko mai shayin bakin titi zai nuna maka lungun. Dattijo ne siriri mai gajeren gemu fari. Shekara talatin da biyar ya yi yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata sakandaren gwamnati a Jos. A takarda shi ba malami ba ne. Aikinsa wanke kwalabe, jera kayan gwaji kafin darasi, kulle sinadarai a kabad, da hana yara wasa da wuta. Ya yi ritaya a watan Yulin 2024. Abin da ya sa ake ba da labarinsa ya faru ne a makonni bakwai na ƙarshen aikinsa, sai dai tushen abin tsoho ne, yana can bakin wani kududdufi a bayan unguwar Rayfield.

Kakansa ya zo Jos daga ƙasar Kano zamanin da Turawa ke haƙar kuza. Mahaifinsa lebura ne a kamfani, shi kuma a barikin ma'aikata aka haife shi a 1964. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, wankin kuza take yi kamar sauran matan barikin. Da sassafe za ta ɗauki kwanon sarki, wato babban kwanon ƙarfen nan na leburori, ta ɗebo ƙasa ta tsuguna a bakin ruwa.

Wankin kuza ba ƙarfi yake so ba, hannu yake so. Za ka nutsa kwanon cikin ruwa, ka riƙe gefe da gefe kana juyawa a hankali, kana ɗan karkatawa. Laka ce ke fara tafiya, farin yashi ya bi ta, su zube ta bakin kwanon. Kuza, da yake ya fi su nauyi, sai ya kwanta a tsakiyar gindin kwano, baƙi wuluk yana ƙyalli. Uzairu ya iya wannan juyin tun kafin ya iya rubuta sunansa.

Akwai wani baƙin yashi mai kama da kuza wanda ido ba ya rabe su da sauƙi. Wata rana, yana ɗan shekara goma, Inna ta kai buhu guda wurin mai tara kuza a Bukuru. Da ta dawo gida tana kakkaɓe kwano, ta murza ragowar a tafin hannu, ta ji nauyin bai kai ba. Baƙin yashi ya shiga wankin. Washegari ta sa Uzairu a gaba suka taka har Bukuru, ta ce a ba ta buhunta. Mutumin ya ce ta bar shi, babu wanda ya yi ƙorafi, kuma in an zuba cikin na jama'a wa zai gane?

Inna ta ce, "Daga kwanona ya fita."

Ta ɗora buhun a ka, ta mayar da shi bakin ruwa, ta sake wanke shi tas.

Da kasuwar kuza ta faɗi a tsakiyar shekarun 1980, bariki ya watse. Uzairu, wanda karatunsa ya tsaya a aji uku na sakandare, ya yi ta buga-buga har ya sami aikin ɗakin gwaje-gwaje a 1989. Ya auri Kubra, suka tare a Anguwan Rogo. Kwanon Inna kuwa, bayan rasuwarta, ya rataye shi a bangon tsakar gida. A wurin aiki yana da ɗabi'a guda: duk littafin da malami ya bari a kan tebur, sai ya karanta shi kafin ya mayar.

A 1997 aka yi wa malamin kimiyya na ƙananan azuzuwa canjin wurin aiki, aka yi zango guda ba a turo wani ba. Shugaban makaranta ya ce Uzairu ya riƙa zama da 'yan aji biyu don kada su cika wuri da surutu. Zama kawai aka ce ya yi. Shi kuwa ya buɗe littafinsu, ya tarar sun tsaya a darasin rana da duniyoyin da ke kewaya ta.

Littafin ya ce duniyoyi huɗu na kusa da rana, wato Makuri, da Zara wadda ake wa laƙabi da matar wata, da Duniyarmu, da Mas, ƙanana ne, dutse da ƙarfe ne jikinsu. Na nesa kuma, Jufita da Zuhal da Yuranus da Naftun, manya ne ƙwarai, akasarinsu iskar gas da ƙanƙara. A lokacin har da Fuluto a lissafin, kafin masana su fitar da ita daga sahun manya a 2006. Yana gama karantawa wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa na dutse suke kusa, na iska suke nesa?"

Ya duba shafin, ya juya na gaba. Littafin bai faɗa ba. Yara sittin sun zuba masa ido, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarsa da aka kira shi malam a gaban allo. Bai ce bai sani ba. Ya ce su bari sai gobe.

Da ya koma gida idonsa ya faɗa kan kwanon Inna, sai ya ji kamar an buɗe masa ƙofa. Washegari ya zo da kwanon, da yashi, da ɗan kuza a ƙullin leda. Ya tara yaran a gindin famfo ya fara juyawa.

"Masana suka ce sama da shekara biliyan huɗu da rabi da suka wuce babu rana, babu duniya. Wani makeken gajimare ne na iska da ƙura. Nauyinsa ya sa ya fara haɗewa, yana juyawa, yana juyawa, har ya baje kamar faifai. Tsakiyarsa ta yi zafi ta zama rana. Ragowar ƙurar ta riƙa mannewa, ƙwaya ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama dutse, dutse ya zama duniya."

Duk wannan yana cikin littafi, kuma haka masana suka faɗa. Abin da ya biyo baya ne nasa. Ya karkata kwanon, farin yashi ya zube, baƙin kuza ya bayyana a tsakiya.

"Kun gani? Mai nauyi tsakiya, mara nauyi gefe. Shi ya sa na dutse suka zauna kusa da rana, na iska suka tafi nesa."

Yaran suka ɗauka kamar waƙa. Mai nauyi tsakiya, mara nauyi gefe. Daga ranar sunan Baba Kuza ya bi shi. Malamai suka yi ta zuwa suna tafiya, kowanne in ya iso wannan darasin sai ya aika a kira Baba da kwanonsa. Shekara ashirin da bakwai ana haka. Ba zai ɓoye ba, a duk aikinsa babu abin da yake alfahari da shi kamar wannan rabin awar ta kowace shekara.

A tsakiyar watan Mayun 2024 makarantar ta yi ranar kimiyya, aka gayyato tsohuwar ɗaliba ta yi jawabi. Dakta Mosunmola ce, 'yar wani tela Bayarabe, haifaffiyar Jos, wadda yanzu take koyar da fiziks a jami'a. Baba Kuza ya juya kwanonsa, aka tafa. Ita tana zaune a layin gaba, ta tafa tare da kowa.

Bayan an tashi ta same shi a ɗakin ajiya yana goge kwanon. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi yadda ake yi a gidansu.

Ya ce, "Tashi, tashi. Dakta guda a ƙasa? Siminti zai ɓata miki leshi."

"Baba, ko farfesa na zama a ƙasa zan gaishe ka."

"To yaya kika ga hannun tsoho? Bai mutu ba ko?"

"Hannu yana nan, Baba. Ko ƙwayar kuza ɗaya ba ta zube ba."

Ya lura hannun ta yaba, ba ta taɓa maganar ba. Ya ajiye tsumman.

"Mosun, bututun gwaji biyu kika fasa mini a aji uku, kuma duka biyun a fuskarki na gane kafin ki buɗe baki. Faɗi abin da ke ranki."

Ta nuna tsohon hoton rana da ke manne a bango. "Baba, da me aka yi rana?"

"Haidurojin da hiliyam. Ga shi nan a rubuce, ni na manna shi da hannuna."

"A cikin dukkan sinadarai, waɗanne ne suka fi rashin nauyi?"

Amsar ya san ta kamar sunansa. Su ne dai waɗannan biyun. Abin da ya fi komai rashin nauyi shi ne zaune a tsakiyar tsakiya, kuma hoton da ke faɗin haka ya shekara ashirin yana kallonsa daga bango. Ya jawo kujera ya zauna.

Mosunmola ta yi masa bayani a hankali. Ba nauyi ne ya raba duniyoyin ba, zafi ne. Kusa da sabuwar rana zafin ya yi yawa, babu abin da zai iya daskarewa sai dutse da ƙarfe, su kuwa kaɗan ne a cikin gajimaren, shi ya sa duniyoyin kusa suka tsaya ƙanana. Can bayan Mas akwai iyaka, inda sanyi ya isa ruwa ya zama ƙanƙara. Daga nan zuwa gaba kayan gini sun yi yawa, ga dutse ga ƙanƙara, sai duniyoyin can suka yi saurin girma har suka sami ƙarfin jawo iska suka lulluɓe da ita. Ta ce Jufita da yake kira mara nauyi ta ninka Duniya nauyi sau ɗari uku da goma sha takwas.

Da ta gama sai ta ce, "Amma Baba, ka bar shi haka. Saura mako bakwai ka huta. Wallahi kwanon nan ne ya sa na karanta kimiyya."

Ya ce, "Wato a motar da ba daidai ba na ɗora ki, Allah ya sa ta bi ta garinku."

Ta yi dariya, shi bai yi ba.

Washegari ya sami Madam Chundung, shugabar sashen kimiyya, ya gaya mata komai. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Baba Uzairu, jarrabawa ba ta tambayar dalili. Jero su kawai ake cewa, daga Makuri zuwa Naftun. An riga an tsara bikin sallamarka, kwano yana ciki, tsofaffin ɗalibai don shi za su zo. Ka juya musu, su tafa, ka tafi gida da mutuncinka. Wa zai sani?"

Ba da mugun nufi ta faɗa ba, kuma ya ga kamar da gaskiyarta. Ya fito bakin titi da niyyar bin shawararta. Yana tsaye sai wani mai keke napep ya taka burki a gabansa. Jelili ne, wanda ya gama makarantar shekara ashirin da suka wuce.

"Baba Kuza! Shiga, shiga, yau ƙafarka ba za ta taɓa ƙasa ba."

Suna tafe Jelili yana ta zuba, yana waiwayowa. "Baba, ka san shekaranjiya Kafayat tawa ta zo da aikin gida a kan duniyoyi? Uwarta ta ce a jira malama. Na ce wace malama, ga ni? Na ɗauko kwanon wanki, na zuba tsakuwa da dusa, na juya mata. Mai nauyi tsakiya, mara nauyi gefe! Yarinya ta kai makaranta, har aka sa ta maimaita wa aji."

Malam Uzairu ya ce, "Tsaya."

"Ba mu iso ba, Baba."

"Na ce tsaya. Kashe injin."

Jelili ya gangara gefen titi. Wata mata da ke zaune da buhun kayan miya ta fara mita, ta ce ita tuwo za ta ɗora. Malam Uzairu ya ba ta haƙuri, ya ce minti biyar. Ya gaya wa Jelili abin da ya koya musu ba haka yake ba, ya yi masa bayanin zafi da sanyi iya yadda ya fahimta. Jelili ya saurara yana sosa ƙeya.

"Haba Baba. Abu ɗaya tak na fito da shi daga makarantar nan, shi ma ka biyo ni ka karɓe?"

"Ba zan bar ka hannu wofi ba. Ka ba ni lokaci, zan kawo maka wankakke."

Daga nan bai sake tunanin shawarar Madam Chundung ba. Abin ya wuce ɗalibansa, ya shiga 'ya'yansu, har ya kai wani ajin da bai taɓa takawa ba. Kuma daga kwanonsa ya fita.

Sai dai ya ci karo da matsala. Da ya gwada bayanin a kan Kubra, ta saurara har ƙarshe tana tsinke alayyahu, sannan ta ce, "Malam, ni fa na kwanon na gane, don na gani da idona. Wannan kuwa baki kawai kake ta yi." Ya san ta faɗi gaskiya. Kuskuren ana ganinsa, ana taɓa shi, har da waƙarsa. Gyaran kuwa magana ce zalla, yaro zai ji ta da safe ya manta kafin azahar. Mako biyu ya yi yana gwaje-gwaje bayan an tashi makaranta. Ya gwada kyandir da kakin zuma, ya gwada zane a allo, babu wanda ya gamsar da shi.

A ƙarshen Mayu, wata Asabar bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Kubra tana suyar dankali a kan kurfoti, murhun gawayin nan na ƙarfe, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, shi yana zaune a kan tabarma. Ruwan ya zo da ƙanƙara, irin wadda Jos ta saba gani a farkon damina, tana dukan rufin kwano kamar ana watsa tsakuwa. Iska ta riƙa koro ta cikin rumfar. Da aka ɗauke, Kubra ta ɗauko tsintsiya.

Ya ce, "Kar ki share!"

"Malam, ƙanƙara ce fa. Yau ka fara ganinta?"

"Yau na fara ganinta."

Kewaye da kurfotin, kamar taku guda, babu ƙanƙara ko ɗaya, sai jiƙaƙƙen siminti da 'yan tsakuwoyin da iska ta kwaso. Daga nan zuwa jikin bango kuwa ga ta nan fari fat, ta taru tsibi-tsibi. Iyakar a fili take kamar an zana da alli. Ya durƙusa yana kallo har dankalin Kubra ya kusa ƙonewa, don ita ma ta tsaya kallonsa.

A ranar ya buga wa Mosunmola waya ya kwatanta mata. Bai yarda da kansa ba wannan karon, sai da ta ce e, kwatancen ya yi, ta kuma gaya masa ya sa ƙanƙara ta fi tsakuwa yawa, don haka abin yake a gajimaren. Kafin su yi sallama ya yi mata tambayar da ta daɗe tana cin sa: a duk faɗin halitta, babu inda kwanon Inna ya yi daidai? Ta ce akwai, ta gaya masa wurin. Ya sa ta maimaita sau biyu.

Makonni biyar ɗin da suka rage, kullum aka tashi aiki sai ya shiga gari neman tsofaffin ɗalibai. Ya sami teloli a Anguwan Rogo, ya sami ma'aikaciyar jinya, ya sami wani ɗan sanda a bakin aiki. A Farin Gada ya kutsa cikin taɓo, tsakanin motocin da ake loda wa kabeji da karas, har ya gano Chibueze, wanda ya zama dillalin kayan gwari.

Chibueze ya ce, "Oga Baba, wato ka shigo kasuwar nan cikin wannan caɓi saboda Jufita?"

"Saboda abin da na gaya maka a kanta."

"Ni fa Baba ko ta faɗo ba ruwana, in dai ba a kan kabejina ba."

"Ka dai zo ranar Alhamis ta ƙarshe, ranar bikin sallamata. Akwai abinka a wurina."

Ɗaliban da suka ga kwanon sun haura dubu uku. Da ƙafarsa bai sami fiye da ɗari da 'yan kai ba. Jelili ne ya sa saƙon a zauren tsofaffin ɗalibai na waya, ya rubuta cewa Baba Kuza yana neman kowa, ya ce a dawo masa da kayansa zai canza.

Ranar bikin aka tashi da sanyi da lumshi, irin safiyar Yuli a Jos. Zauren taro ya cika, wasu suna leƙe ta taga. Bayan jawabai aka kira shi. Ya fito da kwanon a hannu, aka ɗau tafi, wasu daga baya har sun fara rera mai nauyi tsakiya. Ya ɗaga hannu suka yi shiru, ya jingine kwanon a jikin tebur.

"Wannan waƙar ni na koya muku, kuma ba daidai ba ce. A 1997 wata yarinya ta yi mini tambaya, ban san amsa ba, na ji kunyar in ce ban sani ba. Na ɗauko abin da na sani na ɗora a kan abin da ban sani ba. Laifin ba na littafi ba ne, ba na malamanku ba ne, nawa ne. Yau na zo in gyara."

Ya shigo da kurfotin Kubra cike da garwashi ya ajiye a tsakiyar fili. Ya ce wannan ita ce rana tana sabuwa. Ya ɗauko bokitin dakakkiyar ƙanƙara da ya cakuɗa da tsakuwa, ya barbaza a kan siminti tun daga gindin kurfotin har taku shida. Ya ɗauki mafici yana fifita wutar, ya ce kowa ya zuba ido.

Ba a daɗe ba ƙanƙarar kusa ta fara narkewa. Da'ira ta buɗe kewaye da wutar, babu komai cikinta sai 'yan tsakuwoyi. Ya ɗauki alli ya zana iyakar. Ya tsuguna ya tattara tsakuwar ciki, da ƙyar ta yi 'yan tsibi huɗu ƙanana. Ya ce ga Makuri, ga Zara, ga mu, ga Mas. Ya tsallaka layin, ya sa hannu biyu ya dunƙulo ƙanƙara da tsakuwa, curi guda ya fi ƙwallon ƙafa. Ya ɗaga shi sama ruwa yana bin hannun rigarsa.

"Ga mafarin Jufita. Ba don ba ta da nauyi ta tafi nesa ba. A can aka haife ta, inda sanyi ya bar mata kayan gini, ta yi girman da ta jawo iska ta yafa. Wuta ce ta raba gadon nan, ba nauyi ba."

Daga bayan zaure aka ji muryar Chibueze yana cewa, "Wannan kam ko ni na gane!" Zauren ya fashe da dariya.

Sannan Malam Uzairu ya koma ya ɗauki kwanon Inna. Ya ce kada su ɗauka ya zo jefar da shi ne. Dakta ta tabbatar masa akwai inda yake da gaskiya, kuma wurin yana ƙarƙashin ƙafarsu. Lokacin da Duniya take sabuwa, narkakkiya ce don zafi. Ƙarfe mai nauyi ya nutse can tsakiyarta, dutse mara nauyi ya taso sama, a kansa muke tafiya. Ya zuba ruwa, ya riƙe gefe da gefe, ya juya. Farin yashi ya zube, baƙin kuza ya kwanta a tsakiya.

"A nan kaɗai za ku rera waƙarku. Cikin Duniya, ba tsakanin duniyoyi ba."

Aka rera, har da Madam Chundung. Ana cikin tafi sai wata 'yar aji biyu mai suna Kausar ta ɗaga hannu, ta ƙi saukewa har ya gan ta.

"Baba, in mai nauyi ya nutse can ciki, me ya sa kuza yake nan sama a Jos, har ana wanke shi a rafi?"

Daga baya ya gaya wa Kubra cewa a wannan lokacin ya ji wata amsa tana haɗuwa a bakinsa, mai santsi, mai daɗin faɗa, irin ta 1997. Ya haɗiye ta. Ya dubi yarinyar, ya ɗaga murya yadda na bakin taga za su ji.

"Ban sani ba."

Jelili ya miƙe tsaye ya fara tafi shi kaɗai, sannan sauran suka bi.

Malam Uzairu ya ce, "Amma ga wadda ta sani. Dakta, taso."

Mosunmola ta fito ta yi bayani: an daɗe ƙwarai da yin Duniya kafin wani narkakken dutse ya kutso daga ƙasa ya daskare, ya zama duwatsun nan da suka kewaye Jos, kuma a cikinsu kuza ya zo. Ruwan sama na miliyoyin shekaru ne ya farfasa su ya kwashe shi zuwa rafuka. Tana magana, shi kuwa ya zaro biro daga aljihu, ya juya bayan takardar shirin bikin sallamarsa yana rubutawa. Sau biyu yana ce mata ta ɗan sassauta, hannunsa ya yi sanyi da ƙanƙara.

Kwanon ya koma bangon tsakar gida, kurfoti ya koma wurin Kubra, wadda ta ce an rage masa daɗin suya tunda ya zama rana. Har yanzu idan wani ya tare Malam Uzairu a hanya ya ce Baba Kuza, ni ɗalibinka ne, yakan amsa gaisuwa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ka zo bikin sallamata?" In mutum ya ce a'a, sai ya nemi inuwa ya ce masa, "To zauna. Akwai abinka a wurina."